Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin NCAA: a bar wa ɗalibin da NBA ba ta zaɓa ba hanyar komawa jami'arsa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Wasannin Jami'o'in Amurka ta NCAA, Mista Charlie Baker, da mambobin kwamitocin da ke tsara dokokin ƙwallon kwando na maza a rukunin farko, birnin Indianapolis, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai bibiyar ƙwallon kwandon jami'o'inku ne daga arewacin Najeriya, cikin mutanen da bambancin lokaci ke tilasta wa raba dare kafin su ga wasa, domin yawancin manyan wasanninku ana fara su ne bayan ƙarfe 1 na dare a agogonmu. Na rubuto muku ne a kan doka guda ɗaya, wadda ta ce ɗalibin da ya shigar da sunansa cikin zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, dole ne ya janye sunan kwana 10 bayan an kammala taron gwaji na Shikago, idan har yana son ya ci gaba da buga wa jami'arsa wasa, in kuwa ya bar sunan nasa ya wuce wa'adin to ƙofar jami'a ta rufe masa, ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba. Ina roƙon ku da ku sauya wannan doka, kuma zan kafa hujjata da labarin wani matashi ɗan Mali da na daɗe ina tunanin abin da ya same shi, wato Adama Sanogo.

Sanogo ɗan Bamako ne, kuma kamar yawancin yaranmu na Afirka ta Yamma da ƙwallon ƙafa ya fara kafin tsayinsa ya kai shi ga kwando. Ya tafi Amurka yana yaro, ya yi makarantar sakandare a can, sannan ya shiga Jami'ar Connecticut a 2020 a ƙarƙashin koci Dan Hurley. A kakarsa ta uku yana cin maki 17 da 'yan kai a kowane wasa, amma inda duniya ta san shi shi ne gasar ƙarshen kaka ta watan Maris na 2023, wadda jami'arsa ta ci wasanninta 6 duka, kowanne da ratar da ta haura maki 10. A wasan kusa da na ƙarshe da Miami ya ci maki 21 ya kuma cafke ƙwallo 10 daga cikin waɗanda suka bugi kwando suka dawo, sannan a wasan ƙarshe da San Diego State a birnin Houston, ranar 3 ga Afrilu, ya ci maki 17 ya sake cafke 10, aka tashi 76 da 59. Shi aka ba kyautar gwarzon zagayen ƙarshe na gasar, kyautar da Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya karɓa a 1983. Azumin Ramadan ya kama ana tsakiyar gasar, kuma Sanogo bai ajiye shi ba, ya riƙa wuni da azumi yana buɗe baki dab da fara wasannin ƙarshen. A nan wajenmu an fara wasan ƙarshen da misalin ƙarfe 2 da minti 20 na dare, aka gama shi dab da sahur, kuma ba zan manta yadda na ci sahur ɗin wannan rana ina jin kamar ɗan gidanmu ne ya ɗaga kofin ba.

Bayan mako 11 da 'yan kwanaki, ranar Alhamis 22 ga Yuni, aka yi zaɓen NBA a Brooklyn. An kira sunaye 58 a wannan shekara maimakon 60 da aka saba, wato zagaye biyu na mutum 30 kowanne, saboda an ƙwace wa Chicago Bulls da Philadelphia 76ers guraben zagaye na biyu a matsayin hukunci. An fara da Victor Wembanyama ɗan Faransa, aka kira abokin wasan Sanogo, Jordan Hawkins, a lamba 14, aka kira wani abokin wasan nasa, Andre Jackson, a lamba 36, aka ci gaba har aka rufe taro ba a ambaci gwarzon gasar jami'o'i ba. Wa'adinku na janye suna kuwa ya riga ya wuce tun ranar 31 ga Mayu. Saboda haka a daren da ya san matsayinsa na gaskiya a idon ƙungiyoyin NBA, mako uku ke nan da kuka karɓe masa damar yin amfani da wannan sani.

Ba na cikin masu cewa masu farautar 'yan wasa na NBA sun yi wa Sanogo zalunci, kuma ina so wannan ya fito fili, domin ƙorafina ba da su nake ba. Aikinsu shi ne su hango abin da mutum zai iya yi a wata gasa da ta bambanta da taku, kuma dalilansu sanannu ne. Tsayinsa a takardar jami'a mita 2 da santimita 6 ne, wanda ya isa a jami'a amma ya yi kaɗan ga mai tsaron ƙarƙashin kwando a NBA, inda zai riƙa haɗuwa da waɗanda suka fi shi da taƙi guda. Ƙarfinsa yana wajen karɓar ƙwallo kusa da kwando ya juya wa mai tsaronsa baya ya tura shi har ya samu wurin jifa, salon da NBA ta rage amfani da shi tun da jifa mai maki uku ya mamaye wasan. Abin da ƙungiyoyin ke nema a wajen dogo yanzu shi ne ko dai ya iya kare kwando da tsawon hannu, ko ya iya fita waje ya bi gajeren ɗan wasa mai sauri idan aka tare wa abokinsa hanya, ko ya iya jifa daga nesa a kai a kai. Ga kuma shekaru: ya haura 21, alhali ƙungiyoyin sun fi son ɗan shekara 19 wanda suke ganin bai gama nuna iyakar abin da zai zama ba. Mutum zai iya yarda da wannan lissafi ko ya ƙi, amma lissafi ne na masu sayen kaya da kuɗinsu. Ku kuwa hukuma ce ta makarantu, kuma abin da ya hau kanku shi ne makomar ɗalibin.

Ba kuma shi kaɗai ba ne a wannan dare. Oscar Tshiebwe, ɗan Lubumbashi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda a kakar 2021 zuwa 2022 ya kwashe dukkan manyan kyaututtukan gwarzon ɗan wasan jami'o'i yana Kentucky, yana cafke ƙwallo 15 a kowane wasa, shi ma ba a kira sunansa ba, kuma shi ma yana da sauran shekara guda da zai iya bugawa a jami'a. Su biyun sun ƙare da abin da za a iya kira kwantiragin raba ƙafa, Sanogo da Chicago Bulls, Tshiebwe da Indiana Pacers. Ga wanda bai san shi ba, kwantiragi ne da ɗan wasa ke kai da kawo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta ta gasar G League, albashinsa rabin mafi ƙanƙantar albashin sabon ɗan wasa ne, wanda a kakar 2023 zuwa 2024 ya kama dala dubu 560 ko ƙasa da haka kaɗan, ba zai wuce wasanni 50 tare da babbar ƙungiya ba, ba ya buga wasannin fitar da zakara, kuma ana iya sallamarsa a tsakiyar kaka. Kuɗi ne mai yawa a ma'aunin kowane gida na Bamako ko Kano, ban musa ba. Sai dai idan aka gwada shi da na wanda aka zaɓa a zagayen farko, wanda dokar NBA ta lamunce wa albashin shekara biyu ko ya ji ciwo ko bai ji ba, za a ga cewa tazarar da ke tsakanin lamba 30 da rashin lamba tazara ce ta rayuwa gaba ɗaya, kuma a kan wannan tazara kuke sa yaro ya yanke shawara ido rufe.

Na ce ido rufe ne da gangan, ko da yake na san za ku ce akwai hanyoyin da ɗalibi ke samun bayani kafin wa'adi. Gaskiya ne akwai kwamitin NBA da ke ba ɗalibai kimantawa a rubuce, akwai taron gwaji na watan Mayu inda ake auna tsayi da tsalle da gudu a kuma yi hira da ƙungiyoyi, kuma tun bayan gyare-gyaren 2018 kun yarda ɗalibi ya ɗauki wakili mai lasisinku ba tare da ya rasa cancantarsa ba. Wannan duk ci gaba ne, kuma ya wadatar ga mutum 15 ko 20 na sama, waɗanda kowa ya san za a kira su. Amma ga wanda ake hasashen zai faɗo tsakanin lamba 40 da rashin zaɓe, babu kimantawar da za ta gaya masa gaskiya, saboda ƙungiyoyin kansu ba su sani ba. Guraben zagaye na biyu ana cinikinsu ne a daren, ana sayar da su, ana musanya su, wata ƙungiyar ta ɗauki ɗan Turai don ta bar shi a can ya ƙara shekara biyu, wata ta ce wa wakili za ta ɗauki yaronsa idan ya yarda da kwantiragin raba ƙafa, wata kuma ta yi alkawari da baki sannan wanda ba ta zata zai kai gare ta ba ya faɗo hannunta. Wannan sayen kifi a ruwa ne, kuma dokarku ta sa ɗalibi ya biya da karatunsa da sauran shekarun wasansa tun kafin a jefa koma.

Abin da ya fi damuna shi ne ku da kanku kun taɓa amincewa da wannan magana. Bayan binciken cin hanci da hukumar FBI ta bankaɗo a ƙwallon kwandon jami'o'i a 2017, kun kafa kwamiti a ƙarƙashin Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Afrilu na 2018, kuma cikin shawarwarinsa akwai cewa a bar wanda ba a zaɓa ba ya koma makaranta. A watan Agusta na 2018 kuka sanar da cewa ɗalibin da ya nemi kimantawar kwamitin NBA, ya halarci taron gwaji, sannan ba a zaɓe shi ba, zai iya komawa idan ya sanar da jami'arsa kafin ƙarfe 5 na yammacin Litinin da ke biye da zaɓen. Sai dai kun rataya dokar a wuyan wani sharaɗi, cewa ba za ta fara aiki ba sai NBA da ƙungiyar 'yan wasanta sun gyara tasu dokar. Gyaran bai zo ba. An sake rattaba hannu a kan sabuwar yarjejeniya tsakanin NBA da 'yan wasanta a 2023, shekarar da Sanogo ya shiga zaɓe, kuma maganar ba ta shiga ba. Da dokar 2018 tana aiki, da Sanogo da Tshiebwe, waɗanda dukansu sun halarci taron gwaji, sun wayi gari ranar Juma'a da kwana huɗu a hannunsu na yin shawara da iyayensu da masu horar da su.

Ban ce lallai Sanogo zai koma ba da an ba shi dama. Mai yiwuwa ne ya duba ya ga ya riga ya ci duk abin da ake ci a jami'a, ga kuma Donovan Clingan, matashin da ke zaman jiran gurbinsa, mai tsayin mita 2 da santimita 18, wanda a 2024 ya taimaka wa Connecticut ta sake ɗaukar kofi, aka kuma zaɓe shi a lamba 7. Mai yiwuwa ne kuma ya ga ƙarin shekara ba za ta ƙara masa tsayi ba. Amma shawara ce da ya kamata ya yanke da kansa bayan ya ga sakamako. Kuma kada a ce ƙarin shekara ba ta sauya ra'ayin ƙungiyoyi, domin Zach Edey na Jami'ar Purdue, ɗan Kanada, ya isa misali. A 2023 shi ne gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ana yi masa irin sukar da ake yi wa Sanogo, cewa salonsa na da ne kuma ƙafarsa ba ta da sauri, kuma ana hasashensa a zagaye na biyu. Ya janye sunansa a ranar ƙarshe ta wa'adi, ya koma ya gyara jikinsa da motsinsa, ya kai Purdue wasan ƙarshe, sannan a 2024 Memphis Grizzlies ta ɗauke shi a lamba 9. Edey da Sanogo sun tsaya a mararraba guda a rana guda, ɗaya ya bi dama ɗaya ya bi hagu, kuma babu wanda a cikinsu ya san abin da ke gaba.

Na san hujjoji biyu da ake kawowa don kare dokar, kuma dukansu suna da nauyin da ya cancanci amsa. Ta farko ita ce ta masu horarwa, waɗanda ke cewa ba za su iya zama har ƙarshen Yuni ba su san wanda zai dawo ba, alhali guraben 'yan wasa a ƙungiya ƙididdigaggu ne kuma 'yan wasan da za su maye gurbi ana rububinsu tun watan Afrilu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma a duba girmanta. Waɗanda ake gayyata taron gwaji ba su cika wuce 80 ba, da yawansu sun gama shekarunsu na jami'a ko daga ƙasashen waje suka zo, da yawa kuma za a zaɓe su, don haka waɗanda dokar za ta shafa a shekara 'yan ƙalilan ne a cikin jami'o'i sama da 350 na rukunin farko. Ba dole ba ne kuma a tilasta wa koci ya ajiye gurbi. Idan ya ga dama ya ajiye, idan bai ga dama ba ɗalibin ya nemi wata jami'a, tun da yanzu kun sassauta dokar sauya makaranta har 'yan wasa fiye da dubu ke sauya sheƙa a kowace shekara. Kocin da ya saba da sake gina rabin ƙungiyarsa duk bazara ba zai gagara jiran mutum ɗaya na mako uku ba, musamman idan mutumin shi ne ya ɗauko masa kofi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce asalin sharaɗin da kuka gindaya a 2018. A dokar NBA, wanda ya shiga zaɓe ba a ɗauke shi ba ya zama ɗan wasa mai zaman kansa, kowace ƙungiya na iya ɗaukarsa a kowane lokaci. An ga haka da Randolph Morris na Kentucky, wanda ya shiga zaɓen 2005, ba a zaɓe shi ba, ya koma jami'a a lokacin da doka ta yarda da hakan, sannan a watan Maris na 2007, 'yan kwanaki bayan an fitar da Kentucky daga gasa, ya sa hannu da New York Knicks ba tare da ya sake bi ta zaɓe ba. Tsoron shi ne wata rana a ɗauke ɗan wasa a tsakiyar kaka. Amma labarin Morris ɗin kansa yana nuna abu biyu: cewa komawa bayan zaɓe ba baƙon abu ba ne a tarihinku, kuma cewa sama ba ta faɗo ba. Tun kafin shi ma, Voshon Lenard an zaɓe shi a 1994 ya koma Jami'ar Minnesota ya ƙarasa, kuma Larry Bird da Boston Celtics ta zaɓa a lamba 6 a 1978 ya zauna a Indiana State ya buga kakar da ta kai shi wasan ƙarshe na 1979 da Magic Johnson, wasan da har yau ake ambato idan ana maganar abin da ya ɗaukaka gasarku. A wasannin da ke ƙarƙashinku a yau ma, ɗan wasan hoki na ƙanƙara ana zaɓensa ya ci gaba da karatu, ɗan wasan besbol ana zaɓensa ya ƙi sa hannu ya koma aji. Idan matsalar ita ce ficewa a tsakiyar kaka, ku nemi NBA ta zauna da ku a kan wannan batu ɗaya, ku kuma faɗa wa jama'a wanda ya ƙi. Idan ta ƙi, ku zartar da dokar ku kaɗai, domin illar a rasa ɗan wasa ɗaya a watan Fabrairu sau ɗaya a shekaru ba ta kai illar a rufe wa yara ƙofa duk shekara ba.

Abin da ya faru a kwanan nan ya sa dokar ta ƙara zama mai wuyar karewa. James Nnaji, ɗan Makurdi a jihar Binuwai, an zaɓe shi a lamba 31 a wannan zaɓe na 2023 da ya tsallake Sanogo. Ya buga wa Barcelona wasa a matsayin ƙwararre, bai taɓa sa hannu a kwantiragin NBA ba, kuma a watan Disamba na 2025 kuka ba shi izinin buga wa Jami'ar Baylor. Ina taya Nnaji murna da zuciya ɗaya, kuma ina ganin kun yi daidai da kuka bar shi ya yi karatu ya yi wasa. Amma ku dubi yadda abin ya kasance: wanda aka zaɓa, ya ci albashi a Turai shekaru, ƙofar jami'a a buɗe take gare shi saboda bai taɓa zama ɗalibinku ba, shi kuwa wanda ya zauna a ajinku shekara uku, ya cika muku filin wasa, aka kuma ƙi zaɓensa, shi ne aka kulle wa. Shugaban hukumar ya fito daga baya ya ce iyakar ita ce sa hannu a kwantiragin NBA, kowane iri ne. To, in dai wannan ce iyakar, ɗalibin da ya wayi gari ranar Juma'a ba a zaɓe shi ba kuma bai sa hannu a komai ba yana cikin iyaka, kuma babu dalilin da ya rage na hana shi komawa sai wata ranar kalanda da kuka tsayar a watan Mayu.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafar 'yan Afirka da sauran baƙi, wanda shi ne ya sa ban ga wannan magana a matsayin ta Amurkawa kaɗai ba. Tun ranar 1 ga Yuli na 2021 kun bar ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla, kuma bayan sulhun da kuka yi da 'yan wasan da suka kai ku ƙara, wanda kotu ta amince da shi a watan Yuni na 2025, an ba jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20 da rabi a kakar 2025 zuwa 2026. Wannan ya rage gaggawar fita ƙwarai, har yawan masu shigar da suna da wuri ya sauko daga 353 a 2021 zuwa 106 a 2025, domin zama a jami'a yanzu yana iya fin kwantiragin raba ƙafa tsoka. Sai dai baƙon ɗalibi yana zaune ne da bizar karatu, wadda ta taƙaita aikin da zai yi a biya shi a cikin Amurka. Shi ya sa Tshiebwe, yana gwarzon ɗan wasan ƙasar gaba ɗaya, sai da Kentucky ta je wasannin share fage a tsibiran Bahamas a watan Agusta na 2022 sannan ya samu damar yin ayyukan tallan da ya kasa yi a harabar jami'arsa. Yaron da ke da iyaye da ƙanne a gida suna sa ido, wanda abokan wasansa ke karɓar abin da shi doka ta ɗaure masa hannu a kai, dole zuciyarsa ta fi karkata ga fita, ko da hasashen bai yi masa kyau ba. Ke nan dokar wa'adin ta fi cizon wanda ya fi rauni. Na san dokar shige da fice ba a hannunku take ba. Amma Mista Baker tsohon gwamnan Massachusetts ne, kuma tun da ya kama aiki a watan Maris na 2023 yake zirga-zirga a majalisar dokokin Amurka yana neman dokar da za ta daidaita wasannin jami'o'i, don haka ba zai yi wuya ya sa maganar baƙin ɗalibai cikin abubuwan da yake nema a bayyane ba.

Ba na mantawa da alherin da ke cikin gyare-gyaren 2018, musamman wajabta wa jami'o'i biyan kuɗin karatun ɗan wasan da ya fita bayan shekara biyu idan ya dawo ƙarasa digirinsa kafin shekara 10. Tanadi ne mai kyau, sai dai ga baƙo ba ya cika aiki yadda aka nufa, domin wanda aka sallama daga G League ya tafi neman abinci a Turai ko Asiya yana buƙatar sabuwar biza da kuɗin zama da kuma barin albashin kaka guda kafin ya dawo aji, kuma shekarun da jikinsa ke iya nema masa kuɗi ƙididdigaggu ne. Lokacin da komawa ta fi sauƙi shi ne makon da ke biye da zaɓe, sa'ad da ɗakinsa da malamansa da takardunsa duk suna nan yadda ya bar su. Gasar watan Maris tana kawo muku kusan dala biliyan 1 a shekara daga gidajen talabijin, kuma alƙalumanku da kanku sun nuna cewa kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai na 'yan wasan kwandonku NBA ke zaɓa. Hukumar da ta san haka bai kamata ta hukunta ɗalibi don ya gwada sa'arsa a ƙofar da ita kanta take tallata masa tun yana sakandare ba.

Saboda haka roƙona gare ku shi ne ku cire sharaɗin da kuka ɗaura wa dokar watan Agusta na 2018, ku bar ta ta fara aiki daga zaɓe mai zuwa, ta yadda duk ɗalibin da ya halarci taron gwaji, ba a zaɓe shi ba, kuma bai sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba, zai samu zuwa yammacin Litinin ya sanar da komawarsa jami'arsa ko wata. Ina kuma roƙon a wajabta wa jami'o'i su isar da kimantawar kwamitin NBA ga iyayen baƙon ɗalibi da harshen da suke ji, ko Faransanci ne ko Bambara ko Hausa, a kuma bayyana musu bambancin zagayen farko da na biyu da kwantiragin raba ƙafa kafin ranar wa'adi, domin sau da yawa su ne ake kira a waya a ce su sa albarka a kan shawarar da ba a yi musu bayaninta ba. Idan kuma kun duba kun ga ba za ku yi ba, ina roƙon ku fito ku faɗi dalili a rubuce, ku ce ko NBA ce ta ƙi, ko ƙungiyar 'yan wasanta, ko masu horarwarku, domin iyayen da ke shirin tura 'ya'yansu daga Bamako da Lubumbashi da Makurdi su san dokar da za ta hau kan yaran tun kafin su hau jirgi.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar ƙwallon kwandon jami'o'i daga arewacin Najeriya